Sifili a Gaban Sunan Monita

Shekarar da aka zagaye makarantarmu da katanga, ni ke riƙe da aji shida. Firamare ce ta gwamnati a wani ƙauye da ke gefen hanyar Sandamu. Kullum daga Daura nake tasowa a babur, in iso kafin a buga ƙararrawa, wadda ita ma tsohon ƙarfen mota ne da aka rataye a jikin darbejiya. A lokacin labarin ɗibar 'yan makaranta a wasu sassan jihar ya cika rediyo. An rufe makarantu an buɗe, an sake rufewa an sake buɗewa, har abin ya daina taɓa ni. In an faɗa sai in ce Allah ya kiyaye, in ci gaba da abin da nake yi. Ba mugunta ba ce, zuciyar ce ta yi kanta kamar tafin hannun manomi.

Sai ga takarda daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Hedimasta ya tara mu ya karanta mana, yana yi yana gyara tabarau. Abu biyu aka ce an sa a gaba: tsaron yara da karatunsu. Na farko, ƙarfe takwas a datse ƙofa da kwaɗo, ba shiga ba fita sai an tashi, kuma duk yaron da rajista ta nuna ya zo, alhakinsa na wuyan malamin ajinsa. Na biyu, ba za a ƙara kai sunan wanda ba ya zuwa makaranta jarrabawar shiga sakandare ba, don an gaji da yaran da ba a ganin ƙeyarsu sai ranar jarrabawa. Na farkon ne ya tsaya mana a rai, tunda wuyanmu aka ambata. Na biyun ya shiga ta wannan kunne ya fita ta wancan. Duk muka sa hannu.

Wanda ya rubuta takardar nan ya manta da hutun ƙarfe tara, ko kuma 'ya'yansa da kwanon abinci suke tafiya makaranta. A ƙauye yaro ba ya karyawa kafin ya fito. Daga makarantar allo sai ya sa yunifom ya taho, in an buga ƙararrawar tara ya ruga gida ya ci ɗumame ko ya sha koko, ya dawo yana lashe hannu. Haka muka yi, haka iyayen yaran suka yi. Makon farko da rufe ƙofa, da hantsi ya yi sai aji ya koma wurin gasar hamma. Daga baya masu talla suka gano wani wuri da magini ya bar kafa a gindin katanga, suka riƙa zuro awara da ɗanwake ta nan. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Mutum ɗaya ce kafar katanga ba ta yi wa magani ba, ita ce monitar ajina. Monita muke ce mata, har sunan ya bi ta gida. 'Yar siririya ce, mara yawan magana, amma in ta tashi karatu ko ni sai na gyara tsayuwa. Ita ba cin abinci ke kai ta gida tara ba. Mahaifiyarta na kwance da ciwon shanyewar ɓarin jiki, mahaifinta kuma dillalin awaki ne, tun asuba yake bin kasuwanni, yau Mai'adua gobe wani gari. Akwai gwaggonta da ke zuwa, amma sai azahar. To tsakanin safe da azahar, Monita ce ke rugawa ta juya uwar, ta ba ta koko, ta canza mata shimfiɗa, ta dawo kafin a koma aji. Shekara biyu tana haka ban sani ba, sai da kwaɗo ya tona.

Rana ta uku da rufe ƙofa ta same ni a bakin aji, ta durƙusa.

"Malam, don Allah a bar ni in je gida in dawo. Inna ba ta iya juyawa da kanta."

Na ce ta jira. Na je wurin hedimasta, na yi masa bayani. Mutumin kirki ne, amma shekara ɗaya ta rage masa ya yi ritaya, kuma ya ƙudurta ba abin da zai ɓata masa ita.

"Malam, ka ji takarda da kunnenka," in ji shi. "Yaron da rajista ta ce ya zo, namu ne. In ta fita wani abu ya same ta a hanya, me za mu ce?"

"Ranka ya daɗe, gidan nasu ga shi nan bayan masallaci."

"Ko a jikin katanga yake. Ni ban ce a buɗe ba."

Ina fitowa dabara ta faɗo min, kuma har yau ina tuna yadda na ji daɗin kaina. Yaron da rajista ta ce ya zo shi ne namu. To wanda ta ce bai zo ba fa? Ai ba namu ba ne, ba wanda zai tambaye mu inda yake. A rajista ɗan layi ake ja wa wanda ya zo, a sa sifili ga wanda bai zo ba. Washegari da na zo kan sunan Monita, tana zaune a gabana ta amsa, na sa mata sifili. Da aka buga tara na ce wa maigadi ya buɗe mata, ai yau ba ta zo ba. Tsohon ya kalle ta, ya kalle ni, ya yi dariya har da tari, ya buɗe. Hedimasta ya gani ta taga, ya mai da kansa kan takardunsa.

Haka muka yi zango biyu da rabi. Kullum ta riga kowa zuwa, ta share aji, ta goge allo, ta rubuta sunayen masu surutu, ni kuma in sa mata sifili. Tara ta fita da gudu, ta dawo da gudu, wani lokaci da ƙanshin man zafi a hannunta. Da farko nakan ɗan ji wani abu in na zo kan sunanta. Daga baya hannuna ya saba, yana zagaya sifilin ina hira da wani. Masu duba makarantu sun zo sau biyu, suka duba kwaɗo, suka duba katanga, suka yaba mana. Wani a cikinsu ma ya sa Monita ta karanta masa shafi guda, ya ce a tafa mata.

Da lokacin jarrabawa ya matso aka ce a kai rajistar aji shida ofis. Na miƙa ba tare da tunanin komai ba. Bayan kwanaki jerin sunaye ya dawo, hedimasta ya ba ni in karanta wa aji. Na karanta har ƙasa, na koma sama na sake bi da yatsa. Babu sunanta. Akwai sunan yaron da har yanzu da ƙyar yake haɗa baƙi, domin shi kullum yana nan a kan benci yana barci. Da na fita sai na ji Monita tana tsawata wa masu surutu kamar kullum.

Washegari na ɗauki babur na tafi ofishin. Jami'in da ke kula da jerin sunayen saurayi ne mai fara'a, ya ba ni kujera, ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya buɗe rajistar, ya juyo min ita. Layin Monita sifili ne jere reras daga wannan gefe zuwa wancan, duk da rubutun hannuna, masu kyau kuwa.

"Malam, ɗayan biyu ne," ya ce. "Ko dai ba ta zuwa, to ba ta cikin masu jarrabawa. Ko kuma tana zuwa, kai ka rubuta ba daidai ba, kuma kana fitar da yarinya lokacin karatu. In na biyun ne, ga takarda, rubuta da hannunka ka sa hannu, hedimasta ma ya sa. Zan kai wa maigida, ina ganin za a mai da sunanta. Amma ka san abin da zai biyo baya."

Na sani. Takardar tuhuma, wataƙila canjin wurin aiki zuwa can bakin iyaka, ga hedimasta da 'yan watanninsa, ga maigadi da shi za a fara sallama. Jami'in ya ɗora min biro a kan farar takarda. Ina so in ce na yi ta kokawa da zuciyata, amma ƙarya ne. Ban ji tsoro ba, ban ji tausayi ba, ban ji komai ba. Na zauna ina kallon fankar da ke sama, wadda ba wuta ba ta juyawa. Can na ce bari in je in yi shawara da hedimasta, gobe zan dawo. Ya ce to, amma jibi za a tura sunayen Katsina. Hedimasta ban ma yi masa maganar ba. Gobe ta yi na shiga aji na koyar da lissafi, jibi ma haka.

Ranar jarrabawa aka kwashi 'yan ajina a mota, Monita ba ta zo ba. Ranar ce kaɗai sifilinta zai zama gaskiya, kuma ranar ba a kira suna ba. Na aika a gaya wa mahaifinta cewa tana iya maimaita aji shida, baɗi ta zauna. Na san ba zai yiwu ba tun kafin in aika.

Bayan an yi hutu, wata Juma'a da la'asar, sai ga sallama a ƙofar gidana a Daura. Mahaifin Monita ne, ya tambayi gidan har ya gano. Dogon mutum, rana ta cinye shi, yana riƙe da zabi biyu an ɗaure musu ƙafa. Na shimfiɗa masa tabarma, muka gaisa, na tambayi mai jiki, ya ce da sauƙi.

"Malam, godiya na zo yi," ya ce. "Yarinyar nan ta gaya min duk abin da ka yi mata. Shekara guda kana buɗe mata ƙofa, alhali an hana. Ba don kai ba da uwarta ta yi gyambo a kwance. Wallahi ko ɗan'uwa sai haka."

Na ce ba komai, yi wa kai ne.

"Jarrabawa kuwa, an ce sunanta bai fito ba. Ta yi kuka kwana biyu, na ce mata haka Allah ya so, ai Malam ya yi iya ƙoƙarinsa, har ofis ya je. Maimaitawar ce dai ba za ta yiwu ba. Gwaggon tata za ta koma garinsu, ba mai zama da uwar. Da ta ci ne, da na san yadda zan yi in nemo wata a dangi, don ba a barin sakandare ta wuce. Amma a sake shekara a aji ɗaya, gara ta zauna."

Nan ne wurin da ya kamata in buɗe baki. Yana zaune a tabarmata, ba hedimasta, ba jami'i, ba takardar da zan sa wa hannu. Na ce Allah ya ba mai jiki lafiya. Ya ce amin, ya turo min zabin. Na ce haba, ya ce sai dai in rainawa na yi. Na karɓa, na raka shi har bakin titi, na tsaya har ya sami mota.

Da daddare ba a yi komai da zabin ba, sai washegari maiɗakina ta sa aka yanka, ta yi farfesu. Ta tambaye ni wane ne ya kawo, na ce uban wata ɗalibata ne. Ta ce Allah sarki, ashe har yanzu akwai masu sanin darajar malami. Ta zuba min cinya da ƙirji. Na ci, ban ji ɗanɗanon komai ba, amma na cinye rabona tas.