Maureen Pilcher da Layi na Tara

Duk wanda ya sake ce mini wai jarrabawar shiga makarantar girama, wato sakandaren zaɓaɓɓun yara, ƙwaƙwalwar yaro take aunawa, na rantse sai mun ɓata. Gudu take aunawa, sai kuma aljihun uban yaro. Ni Glenda, shekara ashirin da shida na yi tsaye kusa da Maureen Pilcher a ma'aikatar shirya tuffa ta bayan garin Faversham a nan Ingila, don haka na san abin da nake faɗa.

Maureen ta faɗi jarrabawar nan tana 'yar shekara goma. Ba daƙiƙiya ba ce, tsayawa ta yi gyara rubutu, aka ce a ajiye alƙalami tana tsakiyar takarda. Waɗanda suka ci suka wuce girama, inda ake ƙyanƙyashe likitoci da lauyoyi, ita kuwa tana cika sha biyar ta faɗo cikin tuffa. Haushin nan ne ya mai da ita mafi saurin hannu a cikinmu. Ba ta taɓa kallon ruɓaɓɓen tuffa sau biyu ba, ture shi take gefe ta kama na gaba.

Da ta yi ritaya sai ta buɗe kicin ɗinta ran Asabar da safe ga yaran unguwa, waɗanda iyayensu ba su da halin ɗaukar malamin gida. Ba ta karɓar ko sisi. Kayan aikinta agogon dafa ƙwai ne da tsofaffin littattafan tambayoyi da take tsinta a shagon gwanjo. Yaro ya zagaye amsa da fensir a cikin littafin, ta goge, ta miƙa wa na gaba. Dokarta ɗaya ce:

"Rabin minti. Tambaya ta ƙi? Tsallake ta! Ba surukarka ba ce da za ka tsaya gaishe ta."

Yara tara suka bi ta hannunta, huɗu suka ci, har da autana. Sai layi ya zo kan Keeley, jikarta, 'yar ɗanta Clive direban babbar mota. Yarinya ce mai kai, lissafi kamar shan ruwa, amma ga taurin kai irin na kakarta. In ta kama tambaya ba ta saki sai ta ga bayanta.

"Ke, tsallake!" in ji Maureen, tana buga tebur.

"Kaka, saura kaɗan fa."

"Saura kaɗan ne ya kai ni cikin tuffa. Wuce, sarkin nawa!"

"To ai ke ma tsohuwa, shayinki ya huce ba ki shanye ba."

Shekara guda suka yi suna wannan dambe, har Keeley ta koyi tsallakewa. Ina gani da idona ta gama tambaya hamsin da ragowar minti huɗu. Maureen ta riga ta je ta shafo rigar makarantar a kanti, har ta tambayi ko suna da mai dogon hannu.

Aka yi jarrabawa a Satumba, sakamako ya fito a Oktoba. Turanci ta ci, wasa ƙwaƙwalwa ta ci, lissafi kuwa ƙasa warwas. Lissafi fa! Ina kicin ɗin lokacin da Maureen ta zaunar da ita ta ce, "Faɗa mini gaskiya, me ya faru?"

Ashe a ɗakin jarrabawa ba a cikin littafi ake amsa ba. Takarda daban ake bayarwa, mai layi-layi, na'ura ce ke duba ta. Keeley ta zo tambaya ta tara, ta ƙi, ta tsallake kamar yadda aka koya mata, amma ba ta tsallake layin tara a takardar amsa ba. Amsar goma ta hau layin tara, ta sha ɗaya ta hau na goma, haka har ƙasa. Sai da ta kai ƙarshe ta ga layi ɗaya ya rage babu komai, ta ɗauki abin gogewa, aka ce lokaci ya cika. Tsawon wata guda yarinyar nan ta haɗiye wannan ita kaɗai.

Kun san abin da ya fi ƙona mini rai? Malaman da masu kuɗi ke ɗauka, wannan suke fara koyarwa a makon farko: ɗora yatsa a kan lamba kafin ka ja layi. Littattafan gwanjo kuwa an riga an yage takardun amsarsu kafin su iso hannunmu. Maureen ba ta taɓa ganin irinta ba, balle ta koyar.

Muka ɗaukaka ƙara, na raka ta. Mutum uku a bayan tebur, da ruwan roba da murmushi. Maureen ta miƙe cikin rigarta ta zuwa coci ta ce, "Ranku ya daɗe, laifina ne, ba na yarinyar ba. Ku matsar da amsoshin layi ɗaya ku gani."

Shugabar, wata mata mai tabarau a kan hanci, ta ce, "Baiwar Allah, kina da takardar shaidar koyarwa?"

"Ba ni da ita."

"To, bin umarni ma ai yana cikin abin da ake gwadawa."

Na ce, "Kai jama'a! Minti biyar fa zai ɗauke ku!" Aka ce in zauna ko in fita. Na fita, na buga musu ƙofa, kuma har yau ban yi nadama ba. Bayan kwana biyar wasiƙa ta zo, sun ƙi.

Maureen ce ta karanta wa Keeley da kanta, ba ta bari Clive ya yi ba. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Sai ta dubi kakarta.

"Kaka, da na tsaya a kan ta taran nan, kamar yadda nake yi da, da na ci?"

Ina ta yi wa Maureen alama da ido ta ce a'a, ko ta ce Allah kaɗai ya sani. Ina! Matar nan ba ta iya ƙarya ba ko ta ceton kanta.

Ta ce, "Da kin ci, 'yar nan."