Na Je Gaida Dangin Mai Sunan Fili

Daga Morris Heights

Muna idar da sallar asuba ranar Asabar muka fito, ni da ɗana Mubarak. Ina riƙe da ledar dabino da kwalbar turare, shi kuwa sai cika yake yana batsewa. Wata jami'a ce a can ƙarshen unguwar Queens ta ce za ta ɗauke shi karatu kyauta, in dai zai buga musu ƙwallon nan ta Amurkawa da ake rungumewa a gudu ana kai juna ƙasa. Ya ce ba zai karɓa ba sai na amince, ni kuwa ban amince ba. A asibiti nake aiki, na sha ganin yaran mutane an kawo su kai a bugge.

Sai ga gayyata, wai ranar Asabar ɗin nan za a sa wa filin wasansu sunan Baƙar fata na farko da ya taɓa buga musu, iyaye su zo su gani. Na ce oho, sai yanzu suka tuna da shi, da suke neman yaranmu?

A bakin tasha muka sayi koko da ƙosai wajen wata 'yar Zangon Kumasi, muka hau jirgin ƙasa mai lamba huɗu.

A Hanya

Muna cikin jirgi Mubarak ya sunkuyo, ya ce da Turancinsa, "Umma, don Allah kada ki ba ni kunya. Ba a kai wa mutane dabino a nan."

Na ce, "A garinmu ba a raɗa wa wani sunan mutum sai an je an gaida danginsa. In da gaske suke, danginsa na wurin. In babu su, talla ce kawai, kuma ba zan ba su kai ba."

Muka sauya jirgi a Manhattan, daga ƙarshen layi muka shiga bas. Direban dattijo ne, Baƙar fata. Na tambaye shi ko ya san mutumin da za a karrama.

"Sai da aka manna hotonsa a jikin motar nan na fara jin sunansa," in ji shi.

Na kalli Mubarak, ya kau da kai.

Bakin Fili

Da hantsi muka isa. Masu gadi suka zazzage jakata, suka riƙe turaren wai kwalba ba ta shiga, dabinon kuma sai da suka jujjuya shi kafin su bar ni. Kocin 'yan wasan ya tarbe mu haƙora waje, yana ta cewa su a nan dangi ɗaya ne. Na ce to madalla, idan gwiwar yaron ta karye fa, karatun na nan? Ya ce wannan za a duba. Na ce ina dangin mai sunan? Ya waiga hagu, ya waiga dama, sai da ya tambayi wata ma'aikaciya tukuna. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Can bayan kujerun manyan baƙi aka nuna mini wata tsohuwa da sandarta, 'yar mai sunan ce. Na rusuna na gaishe ta, na miƙa mata dabino, na ce haka muke yi. Ta daɗe tana kallon ledar, sannan ta janye jakarta ta ce in zauna.

Aka yi jawabai, aka yaye ƙyallen da ya rufe sunan, aka yi tafi. Ita ba ta tafa ba. Ta ce mini babanta idan aka je wasa wani gari a mota yake cin abinci, don ba a barinsa shiga inda Turawa abokan wasansa ke ci. Da ya ji ciwo a ƙafa karatun ya tsaya, ya ƙare rayuwarsa yana rabon wasiƙu yana ɗingishi.

Na ce, "Mama, ɗana suke so. In ba su?"

Ta dubi Mubarak tun daga sama har ƙasa. Ta ce, "Ciwon ƙafar bai dami babana ba. Abin da ya riƙe har ya rasu shi ne, da aka ɗauke shi daga fili ya ɗaga kai ya duba mutane, babu nasa ko ɗaya. In za ki ba su, kada ki ba su shi kaɗai. Ki riƙa zuwa kina zama inda za su gan ki."

Komawa Gida

Na karɓi turarena a ƙofa. Muka hau bas, muka koma jirgi. Sai da jirgi ya fito daga ƙarƙashin ƙasa a Bronx na ce masa, "Ka gaya musu na yarda, in sun rubuta cewa karatunka na nan ko ka ji ciwo. Su dai ban yarda da su ba."

Ya ce, "Umma, ai ran Asabar ake wasa, ke kuma kina aiki."

Na ce na sani.

Mun shiga gida bayan la'asar, alhamdu lillahi, Allah ya saka wa tsohuwar nan da alheri. Ko mayafi ban cire ba na kira shugabar sashenmu a asibiti, na ce ta ba ni Lahadi da duk ranar hutun da kowa ke gudu, amma ta cire ni daga Asabar har yaron nan ya gama.