Sikiratu da Kan da Ba a Sa wa Aska

Yayata Sikiratu ta yi shekara ashirin tana kitso a bakin kasuwa a Ibadan kafin ciwon baya ya tashe ta, ta dawo shara a asibitin da nake aikin nas. Ko sunanta ba ta iya rubutawa, amma ban ga wanda ya san kan mutum kamarta ba. Ga kuma baki, ba ta ragawa kowa.

A ɓangarenmu Likita Oyelaran yake bincike kan farfaɗiya. Mukan manna wa mara lafiya ƙananan wayoyi a fatar kai, na'ura ta riƙa zana motsin ƙwaƙwalwa, ko a gane alamar faɗuwa tun ba ta zo ba.

Wata Talata aka kawo Morenike, 'yar shekara tara. Mako uku tana faɗuwa tana sambatu, har ta daina gane uwarta. Likita ya yi zargin garkuwar jikinta ce ta juya tana kumbura mata ƙwaƙwalwa, ya ce a gwada ta a ranar. Sai dai yarinyar Dada ce, irin yaran da ake haifa da cukurkuɗaɗɗen gashi, kuma a ƙasar Yarabawa kowa ya san ba a sa wa kansu aska haka kawai. Wayoyin suka ƙi zama.

"Mama, kaɗan za mu aske," likita ya ce wa kakar Morenike, wadda ta kawo ta.

Kakar yarinyar ta miƙe tana gyara ɗaurin zani. "Ɗana, kana taɓa gashin nan za ta mutu. Ku ba ni jikata, gidan addu'a za mu."

Na san in suka fita ba za su dawo ba.

Sai Sikiratu ta jingine tsintsiya. "Likita, duk bokon nan naka, kan yarinya ɗaya ya gagare ka? Nuna min inda kake so." Ta durƙusa gaban tsohuwar ta ce, "Mama, in silin gashi ɗaya ya faɗi ƙasa, ki aske nawa kan tas."

Ta wanke hannu. Likita yana nuni da yatsa, ita tana ware gashin a hankali tana ɗaurewa da zare, har fata ta fito wuri ashirin da ɗaya. Awa biyu tana sunkuye da wannan bayan nata. Wayoyin suka zauna daram. Tsohuwar ta shafa ƙasa da tafin hannu, ba ta sami ko sili ba, ta koma ta zauna.

Zanen na'urar da gwajin ruwan ƙashin baya suka tabbatar da zargin likita, aka fara magani. A mako na shida Morenike ta kira uwarta, ta ce amala take so.

Ran sallama tsohuwar ta wuce likita, ta wuce ni, ta sami Sikiratu tana goge daɓe. Ta haife ta a shekaru, amma ta kai gwiwa biyu ƙasa a gabanta. Wallahi sai da na yi hawaye. Yayata mai baki ta saki tsumma ta ɗago tsohuwar.