Malama Rabi, muryar da Nafisa ta sani

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina cikin shara aka bugo mini waya daga Shagari: Malama Rabi ta rasu. Bayan sallar asuba ta yanke jiki ta faɗi.



Waɗanda suka san gidanmu a Bodinga sun san ƙanwata Nafisa. Shekararta sha shida. Da lalura aka haife ta, likita ya ce a ƙwayoyin halitta take. Idonta garau, amma fuska ba ta zama mata a kai. Ko Innarmu ta canja hijabi sai ta zame mata baƙuwa, ga ta da yarda da kowa.

Shekara uku ke nan, ranar kasuwa, ta bi wata mata mai hijabi irin na Inna ta shige bas. Muka zaga tasha, muka zaga 'yan albasa, babu ita. Inna ta zube a ƙasa, ni kuwa ba irin tunanin da bai zo mini ba.

Dab da la'asar wata malamar firamare ta sauko daga Keke Napep riƙe da hannunta. A tashar Shagari ta tsince ta tana leƙa fuskokin mata ɗaya bayan ɗaya.

Ranar muka san Malama.

Ita ta matsa muka je asibiti Sakkwato, lokacin da dangi ke cewa iska ce. Duk Asabar sai ta zo, ko ana ruwa. Ta koya wa Nafisa sanin mutum da murya da tafiya, da kada ta bi kowa sai ya faɗi sunansa. Mu ma ta sa mu dole, wanda duk ya shigo ya ce ni ne wane.

Asabar da ta wuce na raka ta bakin titi. Ta ce kanta na ciwo, na ce ta sha magani. Abin da na ce ke nan kawai. Tana shiga mota ta juyo: “Ku bar ce mata ‘ba ki gane ni ba?’ Wagga magana na ƙona ta.”

Yau ma Asabar. Tun safe Nafisa ke zaune a zaure da littafinta, duk mai sallama sai ta miƙe ta kasa kunne. Sau uku ina zuwa in faɗa mata, ina komowa.

Daga ƙarshe Inna ce ta faɗa mata. Sai Nafisa ta ce: “To in na je Aljanna, ƙaƙa zan gane ta?”

Inna ta ce, “Ita za ta gane ki.”

Yanzu za mu kama hanyar Shagari gaisuwa.

Allah Ya gafarta wa Malama, Ya haskaka kabarinta, Ya raya 'ya'yan da ta bari. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi mata Ƙulhuwallahu, ya kuma sa Nafisa a addu'a.