Kilo Huɗun da Sikelin Gwangwan Ya Cinye Min

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa waɗanda yanzu ko an tuna min sai na yi dogon nazari kafin in gano su, amma wata ukun da na yi ina neman ƙiba don in shiga soja, wannan kam har in koma ga Mahaliccina ba zai fita daga raina ba. Shekaru sun ja, har na ajiye iyali, amma ko yau na ga sikeli sai in ji wata irin gajiya ta sauko min tun daga kafaɗa.

Ni dai tun tasowata a Gyaɗi-Gyaɗi siriri ne. Ba ciwo ba, ba yunwa ba, haka Allah ya yi ni. 'Yan layinmu Tsinke suke ce min, wasu ma ba su san sunana na yanka ba. In na sa riga sai ka ce a ƙusa aka rataye ta. Sau biyu ina neman aikin soja, sau biyu ana dawo da ni. A na biyun ma wanda yake duba mu bai wahalar da kansa ba. Ya sa na cire riga, na hau sikeli ya nuna kilo hamsin, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, koma gida ka ci tuwo tukuna." Mutane suka yi dariya, ni ma na taya su, don ban san yadda zan yi da fuskata ba.

Karo na uku sunana ya sake fitowa. Saura wata uku a yi tantancewar ƙarshe, wadda daga ita sai tafiya wajen horo. Kuma wannan ce damata ta ƙarshe, domin shekaruna sun zo gab da iyakar da ake ɗauka, in ta wuce ni shi ke nan. Mahaifinmu ya rasu, ni ne babba, ga ƙanne, ga ni zaune a ƙofar gida ina zaman kashe wando. Umma ba ta taɓa yi min gori ba, amma ina ganin gajiyar a idonta.

Akwai wani dattijo tsohon soja, aminin mahaifina, da yake gadin wani gida a Tarauni. Baba muke ce masa. Na je na same shi a kan bencinsa na faɗa masa damuwata. Ya kama damtsena ya matsa, ya saki, ya girgiza kai.

"To, akwai aiki," ya ce. "Ka ƙara biyar, ka kai hamsin da biyar, ni na tsaya maka ba mai korar ka don rama. Amma na nama nake nufi, ba na kitse ba. Wake, ƙwai, gyaɗa, fura. Gudu bayan Asuba, ɗaga ƙarfe da yamma. Kuma kada ka dami kanka da hawa sikeli kullum, ka bari sai ka yi sati shida. Jiki ba buhu ba ne da za a ɗura masa a ɗinke."

Na ce, "In sha Allahu, Baba."

Wanda bai taɓa cin abinci a matsayin aiki ba ba zai gane wahalar da na sha ba. Ana sallame Asuba zan ɗaura takalmi in bi ta Tarauni in zagayo ta Darmanawa, in dawo jiƙe sharkaf. Kafin in huce Umma ta dire min kwanon wake da shinkafa da mai da yaji. Hantsi ya yi, in je wajen mai shayi a soya min ƙwai uku da burodi. Azahar fura da nono, La'asar kunun gyaɗa, aljihuna kuma kullum cike da ƙuli-ƙuli har rigunana suka koma warin man gyaɗa. Ina ƙoshe nake ci, ina ci ina lumshe ido kamar mai shan maɗaci. Da yamma kuma in tafi wani kango inda samari suke ɗaga ƙarfe. Ƙarfen ma namu ne na gida: gwangwanin fenti biyu aka cika da siminti, aka zura bututun ƙarfe a tsakani. Satin farko ko cokali na ɗaga sai hannuna ya yi rawa, ruku'u ma da ƙyar nake yi.

A hankali dai abin ya fara kama jikina. Gudun da nake tsayawa sau huɗu na koma yin sa ba tsayawa. Hannun rigar Juma'ata ya fara ɗame ni. Wata rana ina alwala Umma ta tsaya tana kallona ta ce, "Kai, wuyanka fa ya cika." Na ji daɗi, amma na ce mata, "Umma, ido yana ƙarya. Sikeli ne ba ya ƙarya." Ni da bakina na faɗi wannan magana.

Ranar da sati shida ya cika, da hantsi, na tafi auna kaina. Da na yi hankali da kemis na je. Amma a bayan layinmu akwai wani maƙwabcinmu mai sayen gwangwan, wato tsofaffin ƙarafa da dalma da robobi, yana da ƙaton sikeli na ƙasa wanda ake ɗora buhuna a kai. Na ce ga na gida kuma ga babba, me zai kai ni nesa? Na tarar da 'yan jari-bola sun yi layi da buhunansu yana auna musu. Na gaishe shi na ce ina so in hau.

Ya dubi mutanen da ke layi, ya ce, "Tsinke, ka bari ka dawo da yamma mana, in auna ka a tsanake."

Na ce, "Haba Alhaji, minti ɗaya ne fa." Ban jira amsarsa ba na cire takalmi na haye.

Allura ta yi rawa ta tsaya a kan hamsin. Na sauka na sake hawa, hamsin. Wani daga cikin masu layin ya ce, "Ai buhuna ma ya fi ka," aka kwashe da dariya. Alhajin ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai kuma ya juya ya ci gaba da awonsa. Na sa takalmina na tafi, ban koma da yamman ba. Me zan koma in gani?

Wallahi ban taɓa jin gajiya irin ta ranar ba. Sati shida na wake da siminti da ciwon gaɓɓai, a ce ko rabin kilo ban ƙara ba. Na shiga ɗaki na kwanta, abincin rana ma ban taɓa ba. Da Umma ta matsa na faɗa mata, sai ta ɗauki mayafinta ta fita.

Washegari sai ga Gwaggo, ƙanwar mahaifina, daga Babban Giji. Sana'arta gyaran amare, kuma ta yi suna a kai. Tana shigowa ta dube ni ta riƙe haɓa.

"Yanzu saboda Allah ina raye kake wahalar da kanka da dakon siminti? Ni da ake kawo min amarya kamar sillen kara, in mayar da ita cikin sati biyu dangin ango suna tambaya ko canza ta aka yi?"

Na ce, "Gwaggo, ni fa ba amarya ba ne."

"Jiki ai jiki ne, ɗan nan. Sikelin sojan tambayar ka zai yi ta ina ka samo?"

Ta kwance bakin zaninta ta fito da wasu ƙananan ƙwayoyi a farar leda, ba kwali ba suna. Sha-ka-fashe ake ce musu. Biyu da safe, biyu da yamma. Na san Baba ba zai yarda ba, shi ya sa ban tambaye shi ba. Na dubi Umma, ta sunkuyar da kai ta ce, "Ka gwada, Allah ya sa a dace." Ba na ganin laifinsu, su biyun so ne ya sa su. Ni ne na miƙa hannu na karɓa.

Maganin bai yi ƙarya a sunansa ba. Cikin kwana huɗu yunwa ta buɗe min irin wadda ban taɓa sani ba, in cinye nawa in bi sauran na ƙannena. Kafin sati biyu kumatu sun fito, fuskata ta yi zagaye tana sheƙi, tumbi ya turo riga. 'Yan layi suka daina ce min Tsinke suka koma ce min Ango. Ina jin daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma gudun Asuba ya fara gagarata. Ƙafafuna suka yi nauyi, takalmi ya matse ni, in na yi ɗan nisa sai in ji zuciyata tana bugawa har cikin kunne. Na rage zagayen, daga baya na daina gaba ɗaya, na ce ai abin da ake nema ya samu.

Saura kwana goma a yi tantancewar na je gaishe da Baba. Ya daɗe yana kallona bai amsa gaisuwar ba.

"Me kake sha?"

"Fura ce kawai, Baba."

"Fura ba ta kumbura fatar ido."

Na rantse masa ba na shan komai. Har yau wannan rantsuwar tana ci min rai fiye da komai. Ya ce, "To, Allah ya taimaka," ya mayar da rediyonsa kunne. A hanyar dawowa na biya wajen mai gwangwan, har ila yau da mutane a layi, na haye sikelin. Hamsin da bakwai. Na dawo gida ina murna na ce wa Umma har da rarar biyu.

Ranar tantancewa da gudu aka fara. Ni da a da nake zagaye Tarauni ba tsayawa, sai ga ni a wutsiya ina jan ƙafa, yara sirara waɗanda ba su kai ni ba a da suna wuce ni ɗaya bayan ɗaya. Da ƙyar da jiɓin goshi na shiga cikin na ƙarshen da aka bari. Daga nan aka kai mu wajen likita. Na hau sikelinsu, mai rubutawa ya ce, "Sittin da ɗaya." Na ji abin wani iri, don ni hamsin da bakwai na sani, amma ban samu sararin tunani ba. Likitan, wani mutum mai furfura da sanyin murya, ya ɗaura min abin awon jini, ya duba, ya kwance, ya sake ɗaurawa. Sai ya sunkuya ya danna babban yatsansa a ƙwaurina. Da ya ɗauke, ramin ya zauna bai cike ba.

"Samari, wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Me aka ba ka?"

Wannan karon ban iya ƙarya ba, na faɗa masa.

Ya ajiye alƙalaminsa ya ce, "Jininka ya hau sosai. In na sa hannu aka kai ka horo a haka, gawarka za a kawo wa mahaifiyarka. Ka tafi asibiti yau, kuma kada ka yanke maganin nan lokaci ɗaya, su za su nuna maka yadda za ka rage." Na roƙe shi, na ce wannan ce shekarata ta ƙarshe. Ya ce ya sani, ya gani a takarda, ya yi min addu'a, ya kira na bayana.

A mota ina dawowa lissafin ya riƙa yi min yawo a ka: hamsin da bakwai a can, sittin da ɗaya a nan. Ban shiga gida ba, na wuce wajen mai gwangwan. La'asar ta yi, ba kowa sai shi yana ɗaure buhuna. Na tambaye shi ko sikelinsa lafiya yake.

Ya sauke ajiyar zuciya ya zauna a kan wata tsohuwar taya. "Ai sai da na ce maka ka dawo da yamma. A gaban masu kawo min kaya kake so in ce sikelina yana cin kilo huɗu? Kayan nan da ƙasa da tsatsa suke zuwa, dole mu rage wa allura. Na ɗauka ka sani, ɗan unguwa ne kai."

Na tsaya ina kallon sikelin. Ashe ranar da ya nuna min hamsin, hamsin da huɗu nake. Saura kilo ɗaya tak, ga sati shida a gabana, ga gudu a ƙafata. Umma ta gani a wuyana, rigata ta faɗa min, na ƙaryata su na gaskata sikelin mai sayen tsatsa. Ko faɗa ban iya yi masa ba, ƙarfin ma babu. Na ce masa sai anjima.

Umma ta yi kuka ta ce ita ta jawo min, Gwaggo ta yi wata biyu ba ta tako gidanmu ba don kunya. Da na je wajen Baba na faɗa masa komai har da rantsuwar, sai ya matsa ya ba ni wuri a kan bencin, muka zauna har aka kira Magariba. Na yi watanni ina zuwa asibiti kafin kumburin ya sace, jinin ya sauka. Ranar da aka sallame ni ma'aikaciyar ta ce in hau sikeli. Hamsin da huɗu. Duk abin da ƙwayar Gwaggo ta kawo ya tafi, na wake da siminti kuwa yana nan bai motsa ba, sai dai lokacin ba mai tambayar sa.

Yanzu adaidaita sahu nake ja tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Ƙauyen Alu, alhamdu lillahi ana rufa asiri. In na ga motar sojoji ta wuce nakan bi ta da kallo, sannan in ɗauki fasinjana. Abin da na koya shi ne, abin da gumi ya kawo shi yake zama, na gaggawa kuwa tafiya yake yi har ya tafi da rabonka. Kuma kafin ka yanke wa wahalarka hukuncin cewa ta tashi a banza, ka fara duba sikelin wa ka hau, domin mai saye ba ya taɓa auna ka cikakke.