Mai Kunne da Duwatsun Murjani

Shekara arba'in da ɗoriya ana kiransa Mai Kunne, ba don girman kunnuwansa ba, ko da yake su ma Allah bai rage musu komai ba. Masunci ne, amma shi da kunne yake neman kifi. In kwalekwale ya kai kan duwatsun murjani, waɗanda ke shimfiɗe a ƙarƙashin ruwa gaba kaɗan da gaɓa, sai ya tsoma filafili, ya kafa kunne a ƙotarsa. Murjani mai rai ba ya yin shiru. Ƙananan halittun da ke cikinsa suna ta ƙaras-ƙaras kamar ana suya a kasko, kuma inda ƙarar ta fi yawa, nan kifi yake. Sai ya ɗaga hannu, a zuba taru. Da wannan ya ci da gidansa har 'ya'yansa suka kama gabansu.

Shekara uku ke nan ruwan teku na ɗumi kamar an sirka shi. Murjanin ya yi fari fat, daga baya gansakuka ta rufe shi. Wasu masu bincike suka zo da na'urorinsu, suka ce in zafin duniya ya ci gaba a haka, kafin jikokinsa su girma da wuya a sami mai rai a wajen. Ya yi musu sannu da aiki, ya ci gaba da ɗinkin tarunsa. Mutanen da ko filafili ba su iya riƙewa ba!

Amma ƙarar sai raguwa take. Bana ya yini yana juya kunnen dama, yana juya na hagu, shiru kake ji. Ya gaji da dawowa da taru wayam, ya gaji da kallon da abokan aiki ke masa. Sai ya yanke wa kansa hukunci: tsufa ne, kunne ya tafi. Wannan tunani ma sanyaya masa rai ya yi, don in laifin kunnensa ne, to murjanin na nan da ransa.

Babbar 'yarsa ta rufe shagon ɗinkinta, ta kai shi asibiti. Suka sha zaman benci tun safe har rana ta take. Likitar, yarinya sa'ar autarsa, ta ɗora masa wani abu a kunnuwa, ta ce duk sanda ya ji ƙara ya ɗaga hannu. Ya yi ta ɗagawa. Ta rage ƙarar har ta zama kamar kukan sauro daga wani ɗaki, ya ɗaga.

"Baba, ai kunnenka ya fi nawa," in ji likitar tana dariya.

"'Yar nan, sake dubawa dai."

"Sau biyu na duba, Baba. Lafiya lau."

A hanyar gida 'yarsa sai hamdala take yi. Shi kuwa yana tafe yana jan ƙafa, yana jin komai: ƙarar takalminta, kukan jariri a bayan katanga, har famfon da ke ɗiga a tsallaken titi.

"Haba Baba, an ce lafiyarka ƙalau, ka wani ɓata rai?"

Ya tsaya, ya dubi wajen teku.

"Da kunnen ne, ai da sun maƙala mini na'ura," ya ce. "Wancan fa, me za a maƙala masa?"