Telar Ofis

Da aka kawo sabuwar malama wata makaranta don ta riƙa sauraron damuwar ɗalibai, ɗaki aka ba ta jikin ofishin shugaba, da kujeru biyu da fanka mai kuka. Wata biyu ba wanda ya leƙo. Wa zai shiga a gan shi, a ce kansa ya taɓu?

"Malama," in ji shugaban, "in zangon nan ya ƙare kina hira da fanka, littattafai zan jibge a ɗakin. Su ma matsuguni suke nema."

'Yar tela ce. Washegari ta zo da gwangwanin maɓallan babanta, da allura da zare, ta sa aka yi shela a taron safe: duk wanda maɓallinsa ya cire, ya zo a mayar masa. Malamai suka sha dariya, suka raɗa mata suna Telar Ofis.

Ta bar su a kan cewa tausayin riguna take ji. Gaskiyar ita ce, tana 'yar shekara sha huɗu ta yi wata shida kullum sai ta yi kuka a bayan aji, kuma ba ta iya gaya wa babanta ba sai ranar da ya duƙufa kan keken ɗinki, idonsa ba ya kanta.

Yara suka fara zuwa. Wata 'yar aji uku ta zo sau uku a mako guda. A na ukun malama ta duba gurbin maɓallin hannun rigar yarinyar, ta ga yankan reza ne, da gangan aka cire shi. Sai ta rage saurin allura.

"Malama, in iyayen mutum kullum faɗa suke, laifinsa ne?"

"Miƙo hannun sosai, 'yata. Ba laifinsa ba ne. Ci gaba, kunnena na wurinki."

Ranar rufe makaranta shugaban ya shigo, ya tura ƙofa, ya buɗe tafin hannunsa. Maɓalli ne.

"Littattafan fa, ranka ya daɗe?"

"Sun samu wuri." Ya zauna, ya miƙo hannun riga. Shi ma yankan reza. "Maganar ɗana ce, Malama. Wata uku ke nan ko gaisuwa da ƙyar muke yi."

Ta lashi bakin zare, ta zura a allura, ba ta ɗago kai ba.